Kafin Ka Biya Kuɗin Haya, Leƙa Lungu

Ɗana, in Allah ya kai ka Zuba neman ɗakin haya, ejan zai tare ka da fara'a, ya kai ka ƙofar gida, ya nuna maka sabon fenti da mita da tankin ruwa, ya ce ga masallaci kusa, ga titi ba nisa. Ka saurare shi da kyau, amma kada ka zaro ko sisi sai ka ce masa ku zagaya ta baya. Za ka ga fuskarsa ta ɗan sauya. Zai ce ai can babu komai. To can ɗin da babu komai shi nake so ka gani, domin a nan ne za ka san irin mutanen da za ka zauna da su.

Tsakanin jerin ɗakunan da za ka kama da jerin da ya juya musu baya akwai wani siririn lungu, wani wurin in ka ware hannuwanka sai ka taɓa bango da bango. Daga kowane bango bututu ya leƙo, na wanka da na wanke-wanke, kowanne yana ɗiga. Ƙasa ta yi baƙi ta yi santsi, gansakuka ta hau bulo har gwiwa. Ledar fiya wata ta toshe 'yar hanyar da ruwa ya haƙa wa kansa. Ga ɓawon lemo da na kankana, ga kunzugun jarirai na zamani an ƙulle a baƙar leda an wurgo ta kan katanga, ga tsohuwar katifa an jingine tun bara. Wani ya ɗaure janareta da sarƙa, bakin hayaƙinsa na fuskantar tagar maƙwabci. A kusurwa bango ya yi tabo, zarni kuma ya gaya maka abin da ake yi a wurin, duk da an rubuta da gawayi cewa an hana fitsari, har da tarar da ba wanda ya taɓa biya.

Abin mamaki, masu wannan lungu su ne dai mutanen da ka gani ta gaba. Su ne suka share ƙofar gida da asuba suka yayyafa ruwa, su ne masu fararen kaya ranar Juma'a, masu turaren wuta a ɗaki. Ba ƙazamai ba ne. Tsabtar ce suka raba gida biyu, inda ido ke gani da inda ba ya gani.

Tambayi mazauna unguwa yadda suka ɗauki lungun, za ka ji bakinsu ya rabu. Mai gida kallon ragowar fili yake yi masa, ƙasar da aka bari a banza, wadda da an aza mata bulo da kwano 'yan kaɗan da ta zama ɗaki mai kawo kuɗi duk shekara. Ɗan haya cewa yake, "Ni ina ruwana? Baƙo ne ni, shekara na cika in ƙara gaba." Ɗan sintiri hanyar ɓarawo yake gani. Saurayin da ba ya so a ga abin da ke hannunsa mafaka yake gani. Matar gida tana bi ta nan dole, tana toshe hanci, tana tattare zane. Yara ne kaɗai ke ganinsa da daraja, don nan ne filin wasan da ya rage musu. A cikinsu duka babu mai cewa nawa ne, sai fa ranar da aka zo rabon filinsa, ranar kowa yana da gado a ciki.

Ba laifin halin mutane ba ne kaɗai, akwai yadda garin ya tashi. Zuba tsohon gari ne na Koro, da sarautarsa ta Agora, tun kafin a yi mafarkin sabon birnin tarayya. Da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yanke Babban Birnin Tarayya a 1976, sai garin ya faɗo ciki, a can bakin iyaka da Jihar Neja, Madalla da Dutsen Zuma na tsallake kaɗan, Suleja na gaba. Yau yana ƙarƙashin Gwagwalada. Allah kuma ya ajiye shi a mahaɗa: hanyar Kaduna, hanyar Lokoja, da babbar hanyar da ta bi ta Kubwa ta shiga cikin birni. Duk inda hanyoyi uku irin waɗannan suka haɗu, tasha za ta tsiro, kasuwa ta biyo ta. Ga kasuwar 'ya'yan itatuwa da manyan motoci ke sauke wa lemo da ayaba da abarba da kankana, ga 'yan kayan gyaran mota, ga Kwalejin Ilimi da ɗalibanta masu neman ɗaki mai araha. Da aka dawo da kujerar mulki daga Legas a watan Disamba na 1991, jama'a suka kwararo. Da aka yi rusau a cikin birni tsakanin 2003 da 2007, lokacin Malam Nasiru El-Rufa'i yana minista, waɗanda aka tasa suka ƙara cika garuruwan gefe. Mai gadin Maitama, direban Wuse, leburan gini, ƙaramin ma'aikacin gwamnati, da yawansu aiki a birni, kwana a gefe.

Babban tsarin Abuja na 1979 ya zana wa cikin birni tituna da magudanan ruwa da filayen da ba a gini. A yawancin unguwannin Zuba kuwa gini ne ya riga tsari. Mutum ya sayi 'yar fuloti da takardar yarjejeniya, ya kira magini, ya ce a ja igiya har ƙarshen iyaka kada a bar ko taku. Na bayansa ma haka. Ba kamar rukunin gidajen da Hukumar Gidaje ta Tarayya ta gina a garin aka buɗe a 2023 ba, inda aka ja layi kafin a aza bulo. Saboda haka lungun da kake gani a bayan ɗakinka sau da yawa ba wanda ya yi niyyarsa. Shi ne ɗan abin da ya tsira tsakanin kwaɗayin mutum biyu. Kuma ka lura da wani abu: tun da ba a jera gidajen a kan tsari ɗaya ba, bangon da kai kake kira baya, wani ta nan ƙofarsa take. Ruwan wankan da ka saki ka manta, a bakin ƙofar wani yake kwana, ɗansa mai rarrafe ta ciki yake bi.

A wasu garuruwan lungun baya da gangan aka yi shi, kuma tarihinsa ya bayyana dalilin da ya sa ake ƙyamarsa. A Ingila, bayan dokar lafiyar jama'a ta 1875, aka riƙa gina wa ma'aikatan masana'antu gidaje a jere, bango ɗaya ya haɗa kowane biyu, a bar siririyar hanya ta baya don masu kwasar ba-haya da toka da masu kawo gawayin kwal. Turawan mulkin mallaka suka zo mana da wannan zane. A Sabon Garin Kano, wanda aka kafa wajen 1913, da cikin Kaduna da Jos, an yanka filaye layi-layi, an bar lungun tsabta a bayansu. Masai na bokiti ne a lokacin. A jikin katangar baya akwai 'yar ƙofa, cikin dare ma'aikaci ya biyo lungu ya zare bokiti ya mayar da wani, ya ɗora a ka ya wuce. Mutumin kirki ba ya so a gan shi a wannan hanya. Bokiti ya tafi, sokawe da shadda suka maye gurbinsa, amma ƙyamar ta zauna. Sai mutane suka ɗauka aikin lungu ya ƙare, wasu suka cinye shi da gini, wasu suka mai da shi juji.

Mu kuwa Hausawa ba baƙin lungu ba ne. Duk wanda ya san cikin birnin Kano ko Zariya ko Katsina ya san lungunan da mota ba ta shiga, masu lanƙwasa da inuwa, inda tsofaffi ke zama a dakali, amarya ta bi, makara ta bi, mai tallan fura ta bi. Wannan lungu ne mai mutane, kowa ya san na wane ne, baƙo in ya shigo sai an tambaye shi wa yake nema. Ba na ce babu kwata a cikinsu ba, akwai, har ta yi yawa. Amma babu wanda zai ce maka can babu komai.

Aikin lungu bai ƙare ba, ɗana, kuma babban aikinsa ruwa ne. Damina a wannan yanki tana da tsawo, daga wajen Afrilu har Oktoba, ruwan kuma in ya tashi zuba ba ya wasa. Kowane kwano da aka rufa yana tara ruwan da da ƙasa ce za ta shanye, ya zubo shi ta indararo wuri guda. Ruwan nan dole ya sami hanya. In lungu a buɗe yake, da 'yar kwata mai gangara, zai wuce ya tarar da babbar lambatu. In an toshe shi da shara ko da gini, ba zai koma sama ba. Zai kwanta a gindin bango ya jiƙa tushen gini, bulo ya fara rugurgujewa daga ƙasa, fenti ya kumbura, ɗaki ya riƙa warin danshi, tabarma da buhun shinkafa su yi fumfuna. Ranar da aka yi mamako kuma ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa da duk abin da aka zuba masa cikin rani. Sau da yawa wanda ya zuba sharar yana can sama a kan tudu yana barci, na gangare ne ke kwana kwalfa da bokiti.

Akwai wanda ya fi wannan muni, shi kuma ba a ganinsa. A lungun nan ne ake haƙa sokawe, don ba mai son ta a tsakar gida. A bayan katanga ɗaya kuma maƙwabci ya haƙa rijiya, don shi ma filinsa ke nan. Tsakaninsu taku kaɗan ne, ƙasa kuma ba ta san iyakar fuloti ba. In damina ta yi nisa ruwan ƙasa ya taso, abin da ke cikin wannan ramin yana tsiyaya zuwa wancan. Ruwan rijiyar zai fito garai-garai, ɗan garuwa ya cika jarkoki ya tura kura ya zaga unguwa. A 2021 amai da gudawa ya kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Babban Birnin Tarayya yana cikin wuraren da cutar ta shiga. Cuta ce da ba ta da wata hanya sai wannan: najasa ta sadu da abin sha ko abin ci. Mu kan ce annoba ce daga Allah, haka ne, komai daga gare shi yake. Amma wanda ya haƙa masai kusa da rijiyar maƙwabcinsa shi ma za a tambaye shi.

Sauro ma yana da rabonsa. Wanda ke hana ka barci da kuka a kunne yawanci ɗan baƙar kwata ne. Mai kawo zazzaɓin cizon sauro ya fi son ruwan da ya ɗan kwanta ya yi haske, irin wanda ke taruwa a ramin da aka ɗebi ƙasar gini ko a sawun taya. Lungun da ba shi da gangara yana ba kowannensu masauki, kuma daga ƙwai zuwa mai fiffike bai fi mako guda da 'yan kwanaki ba. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu wannan zazzaɓi a duniya a ƙasar nan suke. Ɓera kuma, wanda ragowar tuwo da ɓawon kayan marmari ke kiwatawa a lungu, da dare ɗakin girkinka yake kwana, kuma ta fitsarinsa da kashinsa ne zazzaɓin Lassa ke kama mutane. Kuɗin da ka ƙi bayarwa a gyara kwata, kemis zai karɓe shi ninki.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi ci mini rai, wato cin lungu da gini. Ba a yin sa rana ɗaya, shi ya sa ba a ankara. Farko mutum zai zuba ɗan dakali a gindin bangonsa, ya ce don kada ruwa ya ci tushe. Ba mai magana, ai gaskiya ce. Bayan wata biyu ya kafa sanduna ya ɗora buhu, wai inuwar akuya. Buhu ya yage, ya sa kwano. Iska na kaɗa kwano, ya kewaye da bulo layi uku. Kafin shekara ta zagayo an sa ƙofa da kwaɗo, an shafe da siminti, an ba ɗan acaɓa haya. Na daura da shi ya gani, ya ce ai ba shi kaɗai ya iya ba, shi ma ya matso da nasa. Lungun da baro ke wucewa ya koma sai mutum ya karkace. In ka yi magana a ce maka, "Filin ubanka ne?"

Ka amsa masa a hankali: ba na ubana ba ne, ba kuma na uban kowa ba, shi ya sa ba mai ikon cinye shi. Malamanmu ba su bar wannan babi a buɗe ba. Ya zo a ingantaccen hadisi cewa in aka yi saɓani kan faɗin hanya a sanya ta kamu bakwai, abin da ya ɗara mita uku. Wani hadisin kuma ya zo da gargaɗi mai tsanani a kan wanda ya ci ko da taƙi ɗaya na ƙasar da ba tasa ba. Malaman Malikiyya, mazhabar da muke bi, sun yi dogon bayani a kan hakkin hanya da na maƙwabci. Wani magini a Tunis mai suna Ibn al-Rami, a ƙarni na 14, wanda alƙalai ke aikawa ya duba rigimar gini, ya rubuta littafi sukutum a kan irin waɗannan shari'o'i: wanda ya tura bangonsa cikin hanya, wanda ya sako ruwan ƙazanta ta ƙofar wani, wanda hayaƙinsa ke shiga gidan maƙwabci, wanda ya buɗe taga yana leƙen iyalin wani. Duk a kan ƙa'ida ɗaya suka gina hukuncinsu, cewa ba a yarda mutum ya cutar da wani ba. Mu da muke rububin sahun gaba a masallaci, yaya aka yi wannan babin ya fita daga karatunmu? Mutum ya ci rabin lungu, ya yi ɗaki, ya karɓi haya, ya tafi Umara da kuɗin.

Ranar da ake gane kuskuren ba ta da daɗi. Wuta ta tashi tsakar dare, wayar lantarki ce ko tukunyar gas, ta kama ta bakin ƙofar gida. Gidan haya mai ɗakuna a jere ƙofarsa ɗaya ce, tagogi duk an dasa musu ƙarfe saboda ɓarayi. Hanyar tsira ɗaya da ta rage ita ce ta baya, ita kuwa an toshe ta da ɗakin akuya. Motar 'yan kwana-kwana ta zo ta tsaya a bakin titi, tiyo bai kai ba. Ko kuma mace ta tashi da naƙuda, a rasa ta inda Keke Napep zai matso. Ko a yi rasuwa, a zo fitar da makara, a ga ba ta juyuwa a kwana sai an ɗaga ta sama da katanga ana salati. Na ga an yi haka, kuma a cikin masu ɗagawar har da wanda ya yi ginin, kansa a sunkuye.

Na san abin da za ka ce, kuma ba zan raina shi ba. Za ka ce lungu hanyar ɓarayi ce, ta nan ake haurowa a kwance janareta, a zare waya ta taga da sanda, a nan samari ke laɓewa da wiwi da sholisho da maganin tarin nan da gwamnati ta hana a 2018 amma bai ɓace ba. Duk gaskiya ne. Shi ya sa wasu ke ganin maganin abin a toshe lungun gaba ɗaya da bulo, a huta. To amma ka duba lungun da aka toshe baki ɗaya bayan shekara. Ya zama rami mai bango huɗu, kowa na wurga shara ta sama, ba mai iya shiga ya kwashe, ciyawa ta yi tsawon mutum, maciji ya samu gida. Ɓarawon kuma bai fasa ba, sai ma ya samu wurin da zai zauna ya yi aikinsa a natse ba mai wucewa ya gan shi. Abin da ɓarawo ke tsoro shi ne ido da haske. Lungun da mata ke shanya, yara ke wasa, tsoho ke alwala a bakinsa, da wuya a yi ɓarna a cikinsa da rana. Da dare kuma ƙwan fitila ɗaya mai aiki da hasken rana, a kafa shi sama inda hannu ba ya kai, ya fi katanga aiki. In dole sai an sa ƙofa, a sa ta ƙarfe mai sanduna wadda ake hango ciki, ruwa na wucewa ta ƙarƙashinta, a buɗe da asuba a rufe bayan isha'i. A wasu biranen Ingila irin su Libaful haka suka yi wa lungunansu, kowane gida da mabuɗinsa. Sharaɗin ke nan: kowane gida. Ƙofar da mabuɗinta ke aljihun mutum ɗaya, in ya yi tafiya an kulle unguwa, in ya daɗe kuma sai ya fara ganin lungun nasa ne.

Ke kuma 'yata, ban manta da ke ba, don kin fi kowa sanin wannan wuri. Maza da safe suke fita ta gaba, sai dare. Ke ce ke bi ta lungu zuwa gidan maƙwabciya barka ko jaje, zuwa injin markaɗe, zuwa islamiyya, ba tare da kin ratsa majalisar maza a bakin titi ba. Hanyarki ce, sirrinki ce. Don haka kada ki yarda a mai da ke mai ɓata ta. Ruwan wanke-wanke a tace shi, ragowar abinci da ƙullin leda su shiga buhun shara, a ba masu kura su kai juji ko da za a biya su 'yan canji. Yaron da kika aika da shara ki bi shi da ido, domin yaro in ya ga lungu ya ga juji, ba zai ƙarasa ba. Fo ɗin yara kuma masai ne wurinsa. Kashin jariri ba shi da tsarkin da ake ba shi, cutar da ke cikin na babba tana cikinsa. Kuma in kin ga an fara kafa sanduna a lungu, ki gaya wa maigidanki tun ranar, kada ki bari sai an sa kwano.

Sai maganar "ni ɗan haya ne". Wannan ita ce cutar garuruwan gefen Abuja. Kowa zuciyarsa na garinsu, yana tara kuɗin gini a Funtuwa ko Bidda ko Okene, yana ganin zaman nan na wucin gadi ne. Amma ka duba maƙwabtanka. Nawa ne suka zo da niyyar shekara ɗaya, ga shi 'ya'yan da suka haifa a nan sun shiga sakandare? Mai gidan da kake jira ya gyara, wataƙila yana Kaduna ko cikin birni, ba ya zuwa sai karɓar haya, wani ma ejan yake turowa. Ba shi sauro ke cizo ba. Wanda ke kwana a ɗakin shi ne mai lungu, ko sunansa na kan takarda ko babu.

Haka nan maganar "aikin gwamnati ne". Ina da nawa ƙorafin a kan hukuma, kuma hakki ne a matsa wa kansila da shugaban ƙaramar hukuma su yi manyan magudanai su kawo motar shara, tun da ana karɓar haraji a kasuwa da tasha. A Kano an taɓa yin shirin da aka yi wa laƙabi da lungu ƙal-ƙal, aka shimfiɗa intalok a lungunan cikin gari, kuma inda jama'a suka riƙe shi an ji daɗinsa. Inda ba su riƙe ba, shara ta hau kan intalok ɗin ta zauna. Iyayenmu sun ba mu labarin dubagari, wanda in ya shigo unguwa har randa yake leƙawa, mata na ɓoye tukwane. Mu kuma mun ga tsabtar Asabar ɗin ƙarshen wata da aka fara zamanin Buhari da Idiagbon, soja na tsaye da bulala ana yashe kwata. An yashe kuwa, amma sai a tara dagwalon a bakin kwatar, ruwan farko ya mayar da shi inda ya fito. Tsabtar tsoro iyakarta ke nan. Ba kuma wani ma'aikaci da zai taso daga Gwagwalada ya zo ya cire ledar da ta toshe bututun bayan ɗakinka.

Abin da nake so ka yi ba shi da yawa. Ka fara da tsawon bangonka, ka share, ka cire abin da ya toshe, ba tare da ka yi wa kowa wa'azi ba. Mutane sun fi jin kunyar tsintsiya a kan jin kunyar magana. In ka yi haka sau da dama, ka samu bakin magana. Sa'an nan ka nemi mutum biyu ko uku masu faɗa a ji a layin, kada ka ware Musulmi ko Kirista, Bahaushe ko Bagwari ko Ibo, domin ruwan kwata ba ya tambayar wannan. Ku yi karo-karo ku sayi siminti da yashi, ku kira magini ya fitar da 'yar kwata mai gangara daga kan tudu zuwa babbar lambatu, kowane bututu a sa masa gwiwa ya sauka cikinta maimakon ya yi feshi a bangon wani. Aikin nan da rani ake yin sa, wajen Fabrairu ko Maris, ba a fafe gora ranar tafiya. Dagwalon da aka yashe a kwashe shi a baro ranar, kada ya kwana.

Mai janareta ka same shi shi kaɗai, ba a gaban mutane ba, ka yi masa sallama, ka tambayi iyali, sa'an nan ka ce, "Maƙwabci, hayaƙin nan yana shiga ɗakin yara, ko za mu juya bakinsa?" Ka gaya masa gaskiya cewa hayaƙin janareta yana kashe mutane cikin barci ba tare da sun farka ba, kuma an sha rasa iyali guda a dare ɗaya ta wannan hanya. Yawancin mutane in ba a kunyata su ba suna ji. Wanda ya kafa sanduna kuwa, in magana ta ƙi, kada ka ɗauki guduma, kada ka yi zagi. Ku je wurin mai unguwa ku uku, har da liman ko fasto in da hali, a zo a tsaya a wurin, a auna faɗin lungun da igiya a gaban kowa, a rubuta a takarda, masu gidajen ɓangare biyu su sa hannu, a ajiye kwafi ɗaya wurin mai unguwa. Duk wanda ya sayi gida a layin daga baya, a nuna masa takardar tun kafin ya kira magini.